Matasanmu Masu Fasahar Kwamfuta da Aikin Adana Fuskar Garuruwanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Tambuwal da Kebbe mazauna birane



An nemi in yi magana a kan wata sana'a wadda har yanzu Hausa ba ta gama raɗa mata suna ba. Ita ce sana'ar mutumin da ke ɗaukar hoto da murya da rubutu da zane da kiɗa, ya shigar da su cikin kwamfuta ko wayar hannu, ya tace, ya jera, ya fitar da abu guda wanda ake kallo ana saurare a lokaci ɗaya. A gida mukan ce da shi mai bidiyo, ko edita, ko ɗan situdiyo, ko mai fasta, gwargwadon aikin da muka saba ba shi. Ni dai a wannan jawabi zan kira su masu fasahar dijital. Abin da nake son in jawo hankalinmu a kai shi ne, muna da irin waɗannan matasa a manyan garuruwanmu, amma ayyuka biyu kawai muke nemansu da su, wato biki da siyasa, alhali kuwa akwai wani aiki na uku da ke jiransu, wanda in ba a yi shi cikin 'yan shekarun nan ba, to ba zai ƙara yiwuwa ba.

Kafin in kai ga wannan aiki, ya kamata mu tuna yadda sana'ar ta iso mana. Da yawa daga cikinmu sun tashi ne a zamanin da murya ke zuwa daga Rima Rediyo, hoto mai motsi kuma daga gidan talabijin na NTA Sakkwato, inda wasan Idon Matambayi kan tara unguwa guda a ƙofar gidan mai akwatin talabijin. A lokacin, ɗaukar hoto mai motsi aikin gwamnati ne, domin kayan aikin sun fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan ƙofa ta buɗe. Fiyano ya shigo situdiyo ya maye gurbin makaɗa, kwamfuta ta karɓi aikin tacewa, wayar salula ta iso Nijeriya a 2001, faifan sidi ya kori kaset, memori ya kori sidi. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan daga 2020 shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka tabbatar da cewa mai kallon Hausa ya koma kan YouTube. A yau, aikin da a da sai an cika mota da kaya da ma'aikata, yaro ɗaya a Dogon Daji ko Sanyinna yana iya yin sa da waya mai kyau da manhajar CapCut.

Kada kuma mu ɗauka haɗa fasahohi wuri guda baƙon abu ne a ƙasarmu. Makaɗin fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotsonsu, ko Jankiɗi da taushinsa, bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Akwai kiɗa, akwai waƙa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai cusa kirari a tsakani, akwai tufafi da tsayuwa da lokacin da ya dace a yi shiru. Wanda ya iya jera waɗannan har su zama abu guda, shi ne gwani. Edita na yau wannan aikin yake yi, sai dai shi a gaban allon kwamfuta yake zaune. Abin lura a nan shi ne, duk abin da ya rage mana na muryoyin waɗancan makaɗa, abin da wani ya ɗauka a faifai ko tef ne. Makaɗan noma da na dambe da na masu da suka yi zamani da su a ƙauyukanmu, waɗanda ba a kai musu na'ura ba, sun tafi da waƙoƙinsu.

To, 'yan'uwa, ina roƙon kowa ya yi wani ɗan gwaji idan ya koma masauki. Ka rubuta sunan Tambuwal a intanet ka ga abin da zai fito. Shafi bayan shafi, labarin ɗanmu ne Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya fara wakiltar mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai a 2003, ya zama shugabanta daga 2011 zuwa 2015, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Wannan abin alfahari ne, amma sunan mutum ya rufe sunan gari, har wasu 'yan Nijeriya ba su san cewa Tambuwal gari ba ne. Sannan ka rubuta Kebbe. Sau da yawa na'urar za ta zaci kuskure ka yi, ta kai ka jihar Kebbi. In kuwa ta yarda da kai, mafi yawan abin da za ta nuna maka labarin hari ne da gudun hijira. Yaron da aka haifa a Legas, wanda uban ya fito daga Kuci ko Fakku ko Margai, wannan ita ce fuskar garinsu da yake gani a tafin hannunsa. Yaya za a yi ya yi marmarin zuwa?

Alhali kuwa ba labari muka rasa ba. Tambuwal mazaunin Muhammadu Buhari ne ɗan Shehu Usmanu, jarumi kuma mawaƙi a harshen Larabci, wanda zuriyarsa ta riƙe wannan yanki na kudu. Daga wannan gida ne Sarkin Musulmi na 18, Ibrahim Dasuƙi, ya fito. A Dogon Daji aka haife shi a 1923, ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996. Ga Jabo da sarautarta ta Sarkin Burmi, ga masuntan Romo, ga fadamu da noman rani, ga majema da dukawa da maƙera da masaƙa, ga kokawa da dambe bayan kaka, ga waƙoƙin niƙa da na daɓe da shantu a cikin gidaje. Wanne daga cikin waɗannan ne ɗan Tambuwal ko ɗan Kebbe ya ɗauka da kyamara, ya tace, ya rubuta sunayen masu shi, ya ajiye inda za a same shi bayan shekara 50?

Bari in kawo misalai biyu daga waje. A 2015, lokacin da duniya ba ta san Maiduguri da komai ba sai bam, wata 'yar garin mai suna Fati Abubakar ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwa da makarantu da wuraren biki, tana sa hotunan a Instagram ƙarƙashin sunan Bits of Borno. Ba ta ƙaryata masifar da ake ciki ba, ta dai nuna cewa akwai mutane masu rai da ado da dariya a bayan labarin, har manyan jaridun duniya suka ɗauki aikinta. Misali na biyu ya fi ciwo. Dambe namu ne, Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙar da kowa ya sani, amma tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017, wadda ta kai wasan ga miliyoyin masu kallo a ƙasashen waje, wasu matasa ne 'yan Kudu suka kafa ta. Ba laifinsu ba ne, yabo ma suka cancanta. Sun ga abin da muke wucewa ta gefensa kullum ne, suka san darajarsa.

Yanzu sai in zo ga aikin da na ce yana jira, kuma a nan zan ɗan daɗe. Abu na farko da ya fi gaggawa shi ne muryar tsofaffi. Duk wanda ya yi wayo kafin samun 'yancin kai a 1960, yau ya haura shekara 70. Su ne suka ga zamanin En'e da jangali da awon gyaɗa da auduga, suka ga yunwar farkon shekarun 1970, suka san wace unguwa ce ta fara kafuwa da inda kowace zuriya ta taso. Kuma ba labarin kaɗai ke bakinsu ba, har da harshen. Tsohuwar da za ta ce maka "munka tahi", "yaz zo", "wanga yaro", "mi kaka so", tana riƙe da Sakkwatancin da 'ya'yanmu na birni ke yi wa dariya, na gida kuma fim da waƙoƙin Kano ke goge musu shi a hankali. Rubutu ba ya kama karin harshe. Littafi zai ba ka kalmar, amma ba zai ba ka yadda ake jan ta da inda ake sauke ta ba. Wannan sai murya, sai kuma hoton fuska da hannu.

Ɗaukar irin wannan hira ba ya bukatar kayan miliyoyi, amma yana bukatar sani. Sauti ya fi hoto muhimmanci: ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, ɗaki ko zaure da babu ƙarar janareta, da mai tambaya wanda ya iya yin shiru. A fara kowace ɗauka da faɗin sunan mai magana da garinsu da ranar da aka yi hirar, domin hoton da ba shi da suna da kwanan wata rabin amfaninsa ya tafi. A ajiye ainihin abin da aka ɗauka ba tare da an taɓa shi ba, a yi tacewa a kan kwafi. Wurin ajiya kuwa ba shi ne matsala ba: awa ɗaya ta murya mai inganci, wadda ba a matse ba, ba ta wuce kimanin rabin gigabayit, ke nan ma'ajiya mai terabayit ɗaya za ta ɗauki kusan awa 2,000. Abin da za a guje wa shi ne mayar da WhatsApp rumbu. Yana matse hoto ya rage masa kyau, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan.

Bayan murya sai abin da ke cikin akwatunanmu. Kusan kowane gida a cikinmu yana da kaset na bikin aure ko naɗin sarauta ko hawan salla ko walimar sauka daga shekarun 1980 da 1990, wasu ma da kaset na murya da aka aiko daga Makka ko Kurmi a madadin wasiƙa. Mutane suna zaton suna nan lafiya tunda suna kulle. Ba haka ba ne. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima da ƙura, kuma mun san irin zafin bazararmu. Ko da zaren ya tsira, na'urar kunna shi tana ƙarewa, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai kaset, ya daina a 2016. Juya kaset zuwa kwamfuta kuma ba ya karɓar gaggawa: kaset mai awa uku sai an zauna awa uku. Wanda ya biya aka ɗauki bikin a wancan lokaci, amarya da ango yake kallo. Jikansa kuwa zai tsaya ne a kan tsohon masallacin da aka rushe, da ɗinkin rigunan, da fuskar wani dattijo da ya gifta ta bayan taro wanda ba shi da wani hoto a duniya sai wannan.

Haka zancen yake ga tsofaffin takardu na Larabci da ajami da ke cikin gafakar gidajen malamai. A 2022 kamfanin Google, tare da masu riƙon littattafan Tambutu na ƙasar Mali, ya sa shafuka fiye da 40,000 a intanet, bayan da aka fitar da littattafan daga garin a ɓoye lokacin rikicin 2012. Mu ma muna da ƙauyukan da rashin tsaro ya tayar, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Ba sai an raba mai littafi da littafinsa ba. A je gidansa, a ɗauki hoton kowane shafi a hasken rana ba tare da walƙiyar kyamara ba, a bar masa abinsa da kwafi. Kada dai a yarda a liƙe tsohuwar takarda da leda mai zafi da sunan adanawa, wannan kashe ta ne.

Wani zai ce, to me ya hana matasan yin wannan da kansu? Amsa ita ce ciki. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha a kan dogayen bidiyoyi, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma abin da ake biya kan mai kallo daga Nijeriya bai kai na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Hira da tsohon maƙeri a Girkau ba za ta taɓa yin gogayya da barkwanci ko rawa wajen tara masu kallo ba. Saboda haka yaro ya koma inda kuɗi yake: fastar ɗan takara, waƙar yabon Alhaji, bidiyon kamu da ɗaurin aure. Mu kuma da muke ba su aikin, mun san halinmu. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a kan abinci da anko, amma in an zo kan mai bidiyon da ya kwana uku yana tacewa, ga kuɗin data ga na cajin batir, sai a ce masa ai kai ɗan gida ne, Allah ya yi albarka. Da yawansu da hannunsu ya faɗa sai su tattara su koma Sakkwato ko Kano ko Abuja, kuma ba wanda zai zarge su.

Su ma matasan ina da magana da su, tunda na ga wasunsu a bayan zauren nan riƙe da kyamara. 'Ya'yana, ku rage ɗora kiɗan fiyano a kan muryar dattijo har a kasa jin abin da yake faɗa. Ku daina wanke fuskar mutane da manhaja har baƙi ya koma fari, tsoho ya rasa tamojinsa. Waɗannan layukan na fuska su ne hoton. Ku koyi rubuta Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ɓ, domin akwai su a kowace waya, kuma akwai bambanci tsakanin baki da baƙi, da kuma tsakanin kafa da ƙafa. Ba kowace ƙawa da manhaja ta tanada ba ce sai an yi amfani da ita. Kuma ku faɗaɗa hannu: manhajar Blender ta yin zane mai motsi kyauta ce, kuma tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi a bakin Basakkwace suna nan ba wanda ya taɓa su. Yaran da ke gidajenmu na birni katun suke kallo da Turanci daga safe har dare, don ba mu ba su wani ba.

Akwai kuma haƙƙi, wanda bai kamata a tsallake ba. Kada a ɗauki kowa sai da saninsa da yardarsa, a kuma gaya masa inda abin zai je. Ba duk abin da aka ɗauka ne za a watsa ba. Wani na zuriya ne kawai, wani sai bayan ran mai shi. Waƙoƙin mata na cikin gida, mata ne ya dace su ɗauka, wanda ke nufin dole a koya wa 'yan mata wannan aiki, in ba haka ba rabin tarihin zai zauna a bayan labule. A halin da ake ciki na tsaro, kada a nuna garken wani ko rumbunsa ko hanyar shiga ƙauye, kada kuma a sa sunan wanda ya ba da labarin hari. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi ayyukan da ake sawa a intanet, don haka a rubuta tun farko wane ne mai aikin, a sa sunan mai ɗauka da mai tacewa a jikinsa. Sannan ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya ƙera hoton mutumin da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Tuni ake yawo da hotuna ana cewa na Shehu ne ko na Nana Asma'u, alhali Shehu ya rasu a 1817, kafin a ƙirƙiro ɗaukar hoto. Duk abin da aka zana ko aka ƙera, a rubuta a jikinsa cewa zane ne.

Shawarata ga wannan taro ba mai tsada ba ce. Kowane reshe ya ɗauki nauyin gunduma ɗaya ko biyu, daga Jabo da Bashire da Romon Sarki har Ungushi da Sangi. A nemi matashi ɗaya da matashiya ɗaya daga can, a haɗa su da malamin makaranta ko ɗalibin tarihi ko na Hausa daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wanda zai tsara tambayoyi, a yi yarjejeniya a rubuce, a biya su kan kowace hira da aka kammala kamar yadda ake biyan magini kan kowane ɗaki. A nemi iznin iyayen ƙasa, su ne za su nuna tsofaffin da ya kamata a fara da su, kuma a fara da wanda ya fi tsufa, ba wanda ya fi muƙami ba. Kowane aiki a yi masa kwafi uku a wurare uku: ɗaya a gida, ɗaya a hannun reshe, ɗaya kuma a nemi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko Gidan Arewa da ke Kaduna su karɓa. Daga kowace doguwar hira a yanko minti uku ko biyar, a sa fassarar Turanci a ƙasa saboda 'ya'yanmu da Hausarsu ta yi rauni, a saki a intanet da sunan garin rubuce daidai.

Masu kaset a gida kuwa, ba sai sun jira kwamiti ba. Idan kun koma, ku fito da su daga ƙarƙashin gado, ku rubuta a jikin kowanne bikin wane ne da shekarar da aka yi, tun masu iya gane fuskokin suna raye, ku miƙa wa sakataren reshenku kafin taron baɗi.